Gida shida a fili guda: yadda ake cike kango da gidan sama a cikin Damagaram

A Zango, da Sabon Gari, da Garin Malam, da Karkada, da wuya ka bi layi biyu ba ka ci karo da kango ba: fili an zagaye shi da katanga shekara da shekaru, ciki tumfafiya da leda da awakin maƙwabta, ko kuma tsohon gidan gado da rabinsa ya zube, magada kowa ya kama gabansa. Can bayan gari kuwa ana ta yanka gonakin gero ana mayar da su filaye, inda babu pampo, babu turken wuta, ɗan kabu-kabu ma sai ya ninka kuɗi kafin ya kai ka. Ƙidayar 2012 ta sami mutum dubu 322 da ɗoriya a birnin da gundumominsa biyar, kuma tun daga nan ƙaruwa ake yi. Ga ɗaliban jami'ar André Salifou, ga ma'aikatan da ake turowa aiki, ga masu hulɗa da matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011. Dukansu haya suke nema, kuma kusa suke so.

Lissafin da ya sa cike kangon cikin gari ya fi yankan sabon fili sauƙi ne. Fili mai mita 20 a gaba, layi mai gidaje hagu da dama: bututun ruwa mita 100 yana shayar da gida goma. In kowane fili ya ɗauki iyali shida, bututun nan dai da wayar nan da kwaltar nan sun yi wa iyali sittin aiki. Sai dai a Damagaram ba faɗin fili ne yake yanke yawan iyalan da za a zuba ba, ba kuma yawan buhun siminti da mai gida zai iya saye ba. Ruwa ne: wanda zai shigo, wanda zai fita, da wanda zai sauko daga sama. Wanda ya fara da zanen ɗakuna ya bar lissafin ruwa a ƙarshe, ya fara daga wutsiya.

Takarda tukuna

Kafin a kira mai awo, a duba abin da ke hannu. Takardar mai unguwa ko ta shaidu a kan ciniki ba ta kai takardar mallaka ta ma'aikatar magajin gari ba, wadda ake kira akt da sesiyo, ita ma ba ta kai titir fonsiye, babbar takardar mallakar fili ta gwamnati, ƙarfi ba. Mai niyyar zuba dukiyarsa a bene hawa uku ya nemi titir, domin shi banki ya fi yarda da shi a jingina, shi ne kuma ya fi wuyar tayarwa in rigima ta taso. A je a tabbatar lambar fili da lambar rukunin da yake ciki sun dace da abin da ke rajista, sannan mai awo ya zo ya gano turakun kusurwa huɗu. A tsofaffin unguwanni katanga takan ci hanya ko ta ci maƙwabci da rabin mita ba wanda ya sani, sai ranar da aka fara tona.

Gidan gado shi ne ya fi yawa cikin filayen da suka dace da wannan aiki, shi ne kuma ya fi cin mutane. Kada a aza bulo ko ɗaya sai an yi rabo a gaban alƙali, an rubuta, mata da marayu da wanda ke Kano ko Libiya kowa an san kasonsa. Mai sayen kason magaji guda cikin gidan da ba a raba ba ya tuna cewa a mazhabar Malikiyya sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shuf'a, wato su biya abin da ya biya su karɓe. In magada sun fi son haɗa kai su gina tare, a rubuta tun yanzu wane ɓangare na wane ne, da wanda zai riƙe kuɗin gyara.

Ba kowane kango ke ɗaukar bene ba

A fara da hanya. Ƙa'ida mai kyau ita ce tsayin gini kada ya wuce faɗin layin da ke gabansa. Hawa uku, wato ƙasa da biyu a sama, yana kai mita 10, saboda haka layin mita 10 ne mafi ƙanƙanta, mai 12 ko 15 ya fi. Lungun da motar kashe gobara ko motar yashe masai ba za ta shiga ba, a tsaya a hawa ɗaya, ko a ƙara ɗakuna a ƙasa. Filin kusurwa ya fi kowanne, don yana da fuska biyu na iska da ƙofa.

Sai ƙasar kanta. Garin yana zaune a kan dutse, kowa yana ganin manyan duwatsun Birni. A wani fili ka tona mita ɗaya ka taras da fa, a na kusa da shi ka yi mita uku kana cikin rairayi. Wanda ya fi haɗari shi ne tsohon kududdufi, ramin da aka ɗebi ƙasar gini a da, aka cike shi da shara da toka shekaru, aka daidaita samansa aka sayar. Ido ba ya gane shi. Tsofaffin unguwa sun sani, a tambaye su. Sannan a tona ramin gwaji uku ko huɗu, zurfin mita 2 zuwa 3, ɗaya a kowane gefe da gini zai zauna. In shebur ya fito da baƙar ƙasa mai leda, da ƙashi, da fasassun kwalabe, to tushe sai ya ratsa wannan duka ya sauka a ƙasa ta asali, kuma kuɗin hakan yakan cinye ribar filin. In rabin gini zai hau fa, rabi ya hau rairayi, nan ma a faɗa wa injiniya, don gefe ɗaya zai nutse ɗayan ya tsaya, tsagar kuma za ta bi bango a karkace daga kusurwar taga. Ga hawa uku, gwajin ƙasa na masana ba almubazzaranci ba ne.

Filin da ke bakin tabki ko a kan hanyar da ruwa ke bi zuwa tabki, a bar shi, kome arhar sa. Tabkunan gari su ne randar da ruwan damina ke taruwa. Wanda ya cike gefen tabki bai kori ruwan ba, ya tura shi ɗakin wani ne. Hanyar ganewa ita ce a je filin a watan Agusta, awa ɗaya bayan an ɗauke ruwa, a dubi layin danshi a katangun maƙwabta.

Birni kuwa maganarsa daban. Tun 2006 tsohon garin da fadar Sarkin Damagaram suna cikin jerin wuraren tarihi da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO, kuma lungunansa da ginin ƙasarsa ba a yi su don bene na kankare ba. Bayan ruwan da ya rusa tsohon masallacin nan na ƙarni na 19 a watan Satumba 2024, ba sai an yi wa kowa bayanin abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa ba. A can, gyara da ƙarin ɗaki a tsayin da unguwa ta saba shi ya dace.

Ruwan da zai shigo

Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake ambata na mayar da babban birnin ƙasa Yamai a 1926, kuma har yau daga nesa ake jawo shi: Gogo da Macaya ta kudu, Arunguza da Ganaram ta arewa. Rijiya ko fora a cikin fili ba abin dogaro ba ne a kan wannan dutse. Don haka a yi lissafi kamar pampo zai yi kwana uku bai zo ba.

Ɗauki iyali shida, kowanne mutum shida: mutum 36. A gidan da ke da shawa da masai na ruwa, a sa lita 50 ga kowane mutum a yini. Lita 1,800 ke nan kullum, bido 72 na lita 25. Ka tsaya ka hango ɗan garuwa yana hawa da bido 72 a matakala, za ka gane dalilin da ya sa hawa na sama yake zama babu ɗan haya daga Maris zuwa Yuni. Na kwana uku lita 5,400 ne, sai a gina tankin ƙasa mai lita 6,000, misali mita 2 da mita 2, zurfin ruwa mita 1.5, da murfi mai kulle da bawul mai rufe kansa in ya cika. Gara a bar rabinsa a sarari bisa ƙasa, don in ya tsage a gani. A ajiye shi a ƙarshen filin da ya fi nisa da masai, ta gefen tudu.

Daga tankin ƙasa inji ke tura ruwa zuwa tankin sama. Biyu masu lita 1,000 sun isa yini guda. Tan biyu ke nan na nauyi, saboda haka wurinsu a zane yake tun farko, bisa ginshiƙan matakala, ba a tsakiyar rufin ɗaki ba inda mai aikin pampo ya ga sarari. Gindin tanki ya ɗara kan shawar hawa na sama da mita 2 aƙalla, in ba haka ba ruwan ɗiga zai riƙa yi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaura inji kai tsaye a bututun kamfanin ruwa. Yana tsotse rabon maƙwabta, kuma in bututun ya yi fanko yana jawo ƙazantar ƙasa ta wuraren da suka tsage. Bututun kamfani ya zuba a tankin ƙasa da ƙarfinsa, inji ya ɗauka daga nan. Kowane ɓangare kuma a sa masa ƙaramin konter nasa a bututun da ke saukowa. Rabon kuɗin ruwa da ka, kowa ya san inda yake ƙarewa: mai ƴaƴa bakwai da gwauro ba za su taɓa shiryawa ba.

Ruwan da zai fita

Nan ne yawancin gidajen haya ke faɗuwa, nan ne kuma ake sanin ko filin na iyali shida ne ko na uku. Cikin lita 1,800 da suka shiga, wajen 1,400 za su fito kullum, kuma babu babban bututun gari da zai karɓe su. Fili ne zai shanye.

Fos, wato ramin siminti da ƙazantar masai ke taruwa ta narke, na mutum 36 yana son wajen lita 7,000: ruwan kwana uku, da wurin dagwalon shekara biyu a kan lita 40 ga mutum a shekara. A ciki, tsawo mita 3.6, faɗi 1.3, zurfin ruwa 1.5, a raba shi ɗaki biyu, na farko kashi biyu cikin uku. Bututun shiga da na fita su kasance masu kai irin harafin T, don kitse da kumfa kada su wuce. Bututun iska ya hau har ya wuce rufin bene. A gina shi kusa da ƙofar gida inda tiyon mota zai kai, mita 3 aƙalla daga tushe. Bututun masai milimita 100, gangare santimita 2 a kowace mita, da ramin dubawa a kowace kwana.

Fos ba ya shan ruwa, tacewa kawai yake yi. Mai sha shi ne gologo, ramin da ruwan fos ke zuba ƙasa ta tsotse, kuma bangonsa ne ke sha, don gindinsa yakan toshe da wuri. Masu lissafi suna ba rairayi lita 50 a kowane murabba'in mita na bango a yini, ƙasa mai laka-laka 20, yumɓu 10. Gologo mai faɗin mita 1.5 da zurfin mita 3 yana da bango murabba'in mita 14. A rairayi biyu sun isa. A ƙasa mai laka sai biyar, kuma fili 20 da 20 ba shi da wurin biyar, tunda kowanne yana son nisan mita 5 daga tushe da tazara tsakaninsu. A kan fa kuwa babu maganar gologo sam.

Gwajin ba ya cin kome. A gindin ramin gwajin da aka riga aka tona, a yi ƙaramin rami santimita 30 ta kowane gefe, a cika shi da ruwa da yamma ya kwana yana jiƙa. Da safe a sake cikawa, a kafa kara mai alama, a riƙe agogo. In ruwan ya sauka santimita biyu da rabi cikin ƙasa da minti 30, ƙasar tana sha. In ya haura awa, ba ta sha. To sai ɗayan uku: a rage iyalai, a shimfiɗa dogayen ramuka marasa zurfi cike da tsakuwa a ƙarƙashin tsakar gida, ko a amince da kuɗin mota mai zuƙa a kai a kai a sa shi cikin haya. Abin da bai halatta ba shi ne na huɗun da ake gani a layuka, ɗan bututu ta ƙasan katanga yana tsiyaya baƙin ruwa a hanya. Ruwan wanke-wanke kuma ya bi ta ɗan akwatin tare kitse kafin ya isa gologo, domin mai da sabulu su ke liƙe bango.

Ruwan sama

Abin da ke sauka a shekara bai fi wajen milimita 400 ba, amma a ƴan makonni yake zubowa. Milimita ɗaya a murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ruwan milimita 50 a fili mai murabba'in mita 400 lita 20,000 ne. Da yana kango, ƙasa ke shanye mafi yawa. In aka rufe shi duka da gini da daɓen siminti, layi ne zai karɓa, kuma gidan ƙasan da ke gangare shi zai biya. A bar aƙalla sulusin tsakar gida rairayi ko tsakuwa ko pabe marar siminti a tsakani, da bishiya ɗaya ko biyu nesa da fos.

Daɓen ƙasa ya ɗara tsakiyar hanya da santimita 50, kuma a auna daga kwalta ko paben da ya fi kusa, ba daga rairayin ƙofar gida ba. Ranar da aka shimfiɗa wa layin pabe hanya za ta tashi, gidajen da aka auna da ido su koma rami. Rufi a ba shi gangare santimita 2 a mita. Bututun milimita 100 yana ɗaukar rufin murabba'in mita 70 zuwa 80, amma a ƙara ɗaya a kan lissafi, saboda leda da ƙurar hunturu. Indararo mai watso ruwa daga mita 10 bisa katangar ƙasar maƙwabci, damina biyu ta ishe shi ya kai ku gaban alƙali. A sauko da ruwan cikin bututu har ƙasa.

Yadda ginin zai zauna

A fili 20 da 20, tsarin da ke aiki shi ne gini guda mai tsawon mita 16 da faɗin mita 9, a ja shi baya, a bar mita 2 ta baya da kowane gefe. Matakala a tsakiya ta ci mita 2.6, hagu da dama ɓangare ɗai-ɗai mai wajen murabba'in mita 60: ɗaki biyu, falo, madafa, makewayi da ƴar baranda. Hawa uku, iyali shida. Ginin ya ci murabba'in mita 144 cikin 400, gaba kuma an sami tsakar gida mita 9 da 20. Mai fili zai ce an yi asarar wuri, a ƙara ɗakuna a jikin katanga. Kada a yarda. Wannan sararin shi ne wurin fos da gologo da tanki, shi ne wurin shanya, da ragon layya, da babura, kowanne mita 1 da mita 2, da mota in akwai, 2.5 da 5. A keɓe rumfa a ƙasa don daka da girkin gawayi ko na taron suna, domin turmi a hawa na biyu fitina ce ga na ƙasa da shi. Ɗan zaure a ƙofa, inda baƙo namiji zai jira ba tare da ya ratsa mata ba, yana ƙara wa gidan daraja fiye da tayil mai tsada. Tsofaffi da masu lalura, ƙasa.

In fili ya ba da dama, dogayen fuskoki su kalli arewa da kudu, gajerun bango marasa taga su tari gabas da yamma. Rana ta yamma ita ke dafa ɗaki a Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke wuce digiri 40, hadari kuma daga gabas yake tasowa ya doki bango. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana takan koma ta arewa kaɗan, don haka tagogin arewa su ma suna son ƴar inuwa ta santimita 60 a kansu. Faɗin mita 9 an zaɓe shi ne don kowane ɓangare ya sami taga gaba da baya iska ta ratsa. Hawa na ƙarshe a ƙarƙashin dal, wato rufin kankare, tsirara tanda ne. A ɗora masa rufin kwano da tazarar rabin mita buɗe ta gefe, ko aƙalla a shafe dal ɗin da farin fenti.

Sai idon bene. Gidan Bahaushe tsakar gidansa ɗaki ne marar rufi, nan mata ke wanka da kitso da barcin bazara. Tagar da ke leƙa shi cuta ce, kuma malaman Malikiyya sun daɗe da hana buɗe abin da ke tona asirin maƙwabci. Ta gefen maƙwabta a ɗaga gindin taga zuwa mita 1.8 daga daɓe, ko a sa gilashi marar nuna mutum mai buɗewa ta sama. Baranda ta kalli titi ko tsakar gidan kanta. In za a riƙa hawa rufi, rawaninsa ya kai mita 1.8 ta wannan gefen. Kuma a je da zanen tun kafin tona, tare da mai unguwa: "Baba Malam, ga abin da muke niyya, ga inda tagogi za su kalla, a duba mana in akwai abin da bai yi ba." A ranar a ɗauki hoton katangarsa da duk tsagar da ke jiki a gaban shaidu. In tushe zai matso ginin ƙasa, a tona shi gaɓa-gaɓa, mita ɗaya da rabi a zuba a wuce, kuma ba da damina ba.

Ƙarfe da kankare

Kaurin ginshiƙi da yawan rodi aikin injiniya ne, ba na magini ba, kome shekarunsa a sana'a. Abin da ya rage wa mai gida shi ne ya tabbatar abin da aka rubuta shi aka zuba. Kankaren ginshiƙi da dal kilo 350 na siminti ne a kowace mita kubik, buhu 7. A buhu guda: baro ɗaya na yashi, biyu na tsakuwa, in baron mai lita 60 ne, da ruwa bido ɗaya. Leburori suna son ƙara ruwa don ya yi saurin bin katako, kuma wannan ƙarin shi ke kashe ƙarfinsa. A nemo injin girgiza maimakon haka.

Rodi a auna shi a sikeli. Sanda mai mita 12 ta lamba 12, wato mai kaurin milimita 12, tana da kilo 10.6, lamba 10 kilo 7.4, lamba 8 kilo 4.7. Wadda aka sayar da sunan 12 alhali kaurinta 10.5 ne ta rasa kusan rubu'in ƙarfinta. Araha ba ta ado. Tsakanin rodi da katako a sa ƴan guntayen siminti masu kaurin santimita 3, a tushe 5, don kada tsatsa ta samu hanya. Yashi a gwada shi a kwalba: santimita 10 na yashi, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ya kwana. Laka za ta kwanta a sama. In ta wuce milimita 6, a wanke ko a canza. Lallausan rairayin tudu bai dace da kankare ba, mai gautsi na ƙorama ake so. Bulo na 15 kada a buga fiye da 30 zuwa 35 da buhun siminti guda, kuma 12 da rabi ke rufe murabba'in mita.

Bayan zubi, kwana 7 ana shayarwa safe da yamma, a lulluɓe da buhunan da aka jiƙa, musamman da hunturu lokacin da iska ke busar da fuska cikin awa guda ta bar tsaga kamar tafin hannu. Turakun dal su yi kwana 21, cikakken ƙarfi sai 28. Ruwan wannan aiki shi ma a sa shi a lissafi: zubin dal a watan Afrilu, lokacin da gari ke layin bido, tsada biyu ne. Daga Oktoba zuwa Fabrairu ya fi.

Mai gina kaɗan-kaɗan ya yi tushe da ginshiƙan hawa uku tun farko, ya bar rodin jira santimita 60 ga lamba 12, ya rufe su da kankare marar ƙarfi da za a fasa daga baya. Ɗora bene a kan gidan da aka yi wa tushen hawa ɗaya, don kawai ya yi shekara goma bai tsage ba, shi ne hanyar da gini ke rufta wa mutane.

Matakala faɗin mita 1.2, tsayin taki santimita 17, faɗinsa 28 zuwa 30, duka daidai wa daida. Taki guda da ya bambanta shi ke kayar da mai goyo. Makarin baranda mita 1, tazarar sanduna kada ta wuce santimita 11, kuma a tsaye, don na kwance tsani ne ga yaro. Ƙarƙashin matakala ba wurin babur ko bidon mai ba ne, ita kaɗai ce mafita. Kowane ɓangare ya sami taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa daga ciki. Wuta kuwa kowa da konter nasa daga kamfanin wuta NIGELEC, waya mai lamba 1.5 ga fitila, 2.5 ga soket, 4 ga na'urar sanyi, da wayar ƙasa da makatsi mai milliampa 30. A tambayi kamfanin tun da wuri ko taransifoman layin zai ɗauki ƙarin gida shida.

Izini, da abin da ya fi ƙarfin mai fili guda

Takardar izinin gini daga ma'aikatar magajin gari take fitowa, kuma ana kai takardar fili, da zanen wurin, da zanen ginin da na fos, da lissafin injiniya. Nan ne za a ji ko akwai ja-baya da aka wajabta a layin, ko iyakar tsayi, musamman ta wajen filin jirgin sama. Bene guda a layi ba ya canza kome. Na biyar da na shida su ke sa pampon ƙarshen layi ya ƙafe, wuta ta riƙa rauni da magariba. Saboda haka aikin hukuma da masu unguwanni shi ne su ƙidaya kangayen kowace gunduma, su ware manyan layukan da aka yarda a hau sama, su faɗaɗa bututu da magudana a can kafin izini ya taru, su kafa turaku a bakin tabkuna. Filayen da aka keɓe wa makaranta da asibiti da kasuwa ba kango ba ne ko da sun yi shekara ashirin babu gini. Unguwar da mutanenta suka ninka ita ta fi bukatarsu.

A lissafin riba, a ƙirga hayar wata goma a shekara, biyun na gyara ne da watannin da ɗaki ke zama fanko. A raba kuɗin fili da gini da wannan, a ga shekara nawa ne. Takardar haya kuma ta faɗi wanda ke biyan wutar injin ruwa, da ranar wanke tankuna, sau biyu a shekara, da yadda za a raba kuɗin yashe fos. A ba mutum ɗaya a gidan makullin murfin fos da sanda mai tsawon mita 2 da aka naɗe wa farin tsumma a ƙasa. Duk wata shida ya zura ta ɗakin farko har gindi ya zaro. In baƙin ya kai rabin zurfin ruwa, a kira mota, kuma a ce wa direban ya bar ɗan dagwalo kamar tafin hannu a gindi, shi ne irin da zai ci gaba da narkar da sabon.